Inda gobara ke ɓuya a wayarin ɗin motar da kake haɗawa da kanka

Tambaya: Ina farfaɗo da wata tsohuwar mota ne. Na sauya mata inji, na sa altaneta mai amfiya 120 a madadin tsohuwar mai 55, na mayar da batir cikin but, na ƙara fankar lagireto ta lantarki da famfon fetur na lantarki da manyan fitilu biyu. Komai yana aiki, sai dai wani lokaci ina jin warin roba, kuma fiyus ɗin fanka ya ƙone sau biyu har na sa wanda ya fi shi girma. Waɗanne kurakuran wayarin ne ke jawo gobara, kuma ta ina zan fara dubawa?

Amsa: Kafin komai, Malam, ka je ka kwance kan batir na negatif, kuma duk lokacin da za ka bar motar ba kowa a kusa ka bar shi a kwance, har sai ka gama dubawa. Warin roba yana nufin akwai inda zafi ya riga ya wuce abin da rigar waya za ta jure. Fiyus ɗin nan kuwa mai gadi ne da ya yi maka ihu sau biyu, kai kuma ka toshe masa baki. Wayoyin da suka fi haɗari a mota suna ɗauke da wuta ko da makulli yana aljihunka, shi ya sa mota ke iya kamawa da tsakar dare tana ajiye.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne volt 12 ba ya jan mutum. Kana iya dafa kawunan batir biyu da hannu ba ka ji komai ba, sai ka raina shi. To, yawan wutar da ke bi ta cikin waya ne ke dafa ta, wato amfiya. Kik na injin fetur kaɗai yana jan amfiya 150 zuwa 250 lokacin tayarwa, kuma in fozitif ya taɓa bodi kai tsaye, lafiyayyen batir zai turo ɗaruruwan amfiya, wani lokaci har sama da dubu. Cikin daƙiƙu kaɗan siririyar waya za ta yi ja wur daga farkonta zuwa ƙarshenta, ta narkar da rigarta da ta sauran wayoyin da aka naɗe su tare, su ma su haɗe. Galibi kuma a bayan dashbod ko ƙarƙashin kafet, inda hannu ba ya kaiwa da sauri.

Gobarar wayarin iri biyu ce. Akwai wadda wuta ta yi wa waya yawa, wannan fiyus yana iya tare ta in an zaɓe shi daidai an kuma sa shi inda ya dace. Akwai kuma wadda wutar daidai take amma mahaɗa ta lalace, wannan fiyus ba ya ma ganinta. Daga bayaninka, ina zargin duka biyun suna cikin motarka.

Mu fara da fiyus, tunda nan ka taɓa. Waya yake karewa, ba fanka ba. Don haka kaurin wayar da ke bayansa ne ke yanke hukuncin girmansa. Kuma ba ya tsinkewa da zarar an kai lambar da aka rubuta a kansa. An ƙera irin mai ƙafa biyun nan ne ya iya ɗaukar kashi 110 cikin ɗari na lambarsa har tsawon awa 100, a kashi 135 kuma yana iya shan mintuna kafin ya yanke. Ke nan in ka cire shuɗi mai 15 ka cusa kore mai 30, ka ba wayar izinin ɗaukar amfiya 33 yini da kwana. A ce wayar mai kaurin murabba'in milimita ɗaya ce, wato 1 mm², tsawonta mita 4. Turjiyarta, wato yadda take tauye wucewar wuta, om 0.07 ce. Amfiya 30 a cikinta zai zubar da volt 2.1 a hanya, ya fitar da zafin wat 63, fiye da kwan babbar fitila mai wat 55, a cikin naɗin tef da ba ya shan iska.

Abin da ya kamata ka tambaya shi ne me ya ƙona na farko. Fanka tana jan ninki biyu zuwa uku na wutarta a daidai lokacin da take tashi, in fiyus ya yi mata kaɗan wannan kaɗai zai gajiyar da shi. Yana kuma yiwuwa injin fankar ya fara tauri, ko wayar tana gogar ƙarfe a wani wuri tana taɓawa jifa-jifa, ko gidan fiyus ɗin ne ya saki yana dafa shi. Dubi wanda ya ƙone in yana nan. In tsakiyarsa ta fashe ta bar baƙin tabo a cikin robar, haɗewar waya ce, wato fozitif ya taɓa bodi ko negatif. In ta narke a hankali ta rabu, nauyi ne ya yi yawa. In robar ce ta yi launin ƙasa ta lanƙwashe ta wajen ƙafafu, laifin gidan fiyus ne. Daga nan ka samo mita mai baki irin na ƙaguwa wadda ke karanta wutar batir, ka kama wayar fanka da ita ka ga abin da take ja da gaske.

Lissafin kansa ba wuya. Nauyin da zai daɗe yana aiki kada ya wuce kashi 75 cikin ɗari na fiyus, fiyus kuma kada ya wuce ƙarfin waya. Fanka mai jan amfiya 20 tana son fiyus 30, shi kuma fiyus 30 yana son waya 4 mm². Ma'aunin da ba zai ba ka kunya ba a ɗakin inji: 1 mm² fiyus 10, 1.5 mm² fiyus 15, 2.5 mm² fiyus 20, 4 mm² fiyus 30, 6 mm² fiyus 40, 10 mm² fiyus 60. In wayarka da ma'aunin Amurka na AWG aka rubuta ta, ka tuna lamba tana raguwa kauri yana ƙaruwa: 16 kusan 1.3 mm² ce, 14 kusan 2, 12 kusan 3.3, 10 kusan 5.3, 4 kusan 21. In hanyar ta yi tsawo ka ƙara mataki ɗaya saboda zubewar volt. Fiyus ɗin ma ka saya na kamfanin da aka sani, domin akwai jabu masu launi daidai da lamba daidai waɗanda ba sa yankewa sai waya ta gama cin wuta.

Wurin da aka sa shi ya kai girmansa muhimmanci. Fiyus yana kare abin da ke bayansa ne kawai. Duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fiyus tsirara take. Mutum zai ja waya mita huɗu daga batir zuwa gaba, ya sa fiyus dab da fanka don ya yi masa sauƙin canzawa, ya ɗauka ya gama. In wayar ta goge a tsakiyar hanya, wutar za ta fita bodi tun kafin ta iso inda fiyus yake. Ƙa'idar wayarin jiragen ruwa ta Amurka ta sa inci 7, kusan santimita 18, daga tushen wuta. Masu haɗa sautin mota sun saba da inci 18, kusan santimita 45. Ka nemi na farko, kada ka wuce na biyu. Sannan duk inda waya mai kauri ta rabu zuwa sirara, kowane reshe yana buƙatar nasa fiyus a daidai marabar, domin babban fiyus mai 60 ba zai ko motsa ba yayin da reshen 1 mm² ke toyewa.

Batirin da ka kai but ya haifar maka da waya mafi haɗari a duk motar: babbar fozitif mai mita huɗu zuwa biyar, tana bin ƙarƙashin kujeru ko gefen ƙofa. A motar da batir ke gaba, wayar kik gajeriya ce, shi ya sa kamfanoni da yawa ba sa sa mata fiyus. Mutane sai su kwaikwayi wannan a doguwar waya. Hanya biyu ce. Ko ka sa waya 50 mm² da babban fiyus irin MEGA ko ANL mai kimanin amfiya 250 dab da batir, wanda zai jure jan kik na 'yan daƙiƙu amma ya yanke in ta taɓa bodi. Ko kuma ka sa solonoyid, wato babban makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa, kusa da batir, ta yadda babbar wayar ba ta ɗauke da wuta sai lokacin da kake murɗa makulli, sannan ka ja wata daban mai nata fiyus don caji da sauran kaya. Ta biyun ta fi aiki, amma ita na fi so. Batirin kansa a ɗaure shi da ƙarfe da noti zuwa bodi, a rufe kan fozitif da roba, domin a but ne ake jefa sifana da jak. In mai ruwa ne a ba shi tiyon numfashi zuwa waje: yana fitar da iskar haidirojin lokacin caji, ita kuwa kashi 4 cikin ɗari a iska ya ishe ta fashewa.

Altaneta ma ka duba wayar cajinta. In ka bar tsohuwar da aka yi wa amfiya 55, to duk ranar da batir ya yi sanyi ka kunna fanka da fitilu, fiye da ninki biyu ne zai bi ta ciki. Ga amfiya 120 ka sa 25 mm², ko 35 in har but za ta kai, da fiyus 150 a ɓangaren batir. Na ce ɓangaren batir domin altaneta ba za ta iya ba da fiye da ƙarfinta ba, batir ne ke iya turo dubu, kuma yana turowa ta wannan wayar ko inji a kashe. Wasu tsofaffin motoci suna da agogon amfiya a dashbod, wanda duk wutar caji ke ratsa bangon inji ta bi ta cikinsa ta dawo. Da babbar altaneta wannan murhu ne a gaban gwiwarka. Ka kewaye shi, ka sa agogon volt.

Yanzu ga gobarar da fiyus ba ya gani, kuma a nan na fi zargin warin da kake ji. Ɗauki mahaɗa ɗaya da ta ɗan saki ko ta yi tsatsa, turjiyarta ta kai om 0.05 kacal. Fanka tana jan amfiya 20 kamar yadda ta saba. Zafin da ke fita a wurin shi ne 20 sau 20 sau 0.05, wato wat 20, a fili da bai kai farcen ɗan yatsa ba. Ƙaramin ƙarfen narka dalma wat 25 zuwa 30 yake. Fiyus kuwa a wurinsa lafiya lau, domin wutar ba ta ƙaru ba, ta ma ɗan ragu. Kuma abin yana ciyar da kansa: zafi yana kashe ƙarfin matsin ƙarfen mahaɗar, ta ƙara saki, jan ƙarfen ya yi duhu, turjiya ta hau, zafi ya ƙaru. Idan ka bi wayoyin da fitilar hannu za ka gane wurin. Rigar waya ta bushe ta yi tauri kamar santimita biyu daga bakin mahaɗa, in ka lanƙwasa sai ta tsage. Farar robar soket ta koma launin ƙasa a ƙafa ɗaya tak. Baƙin tef ya yi danƙo yana zamewa. Silin jan ƙarfen ya yi baƙi ko kore maimakon sheƙi. Duk inda ka ga haka, gogewa da sake cusawa ba ya magani. Ka yanke har inda jan ƙarfe ke sheƙi, ka sa sabon kan waya, ka sauya soket ɗin gaba ɗaya.

Murɗa waya biyu a naɗe da tef shi ne kan gaba a wannan laifi. Mai bi masa shi ne matse kan waya da filaya. Filaya tana baje ƙarfen ne kawai, ta bar iska a tsakanin silin. Matsa mai kyau da na'urar matsewa ake yinsa, mai haƙoran da ba sa sakin hannu sai sun kai ƙarshe, da ramin da ya dace da kaurin wayar. Ka feɗe rigar daidai tsawon bututun kan wayar, ba tare da ka yanke ko sili ɗaya ba. Duk silin su shiga, kada ka rage wasu don waya ta samu shiga. Ka matse, sannan ka ja da ƙarfi da hannu biyu. In ta zare, gara ta zare yanzu. Bayan haka ka rufe da robar nan mai tsukewa da zafi, irin mai gam a ciki, don ruwa kada ya bi sili ya shiga. Ƙananan maƙalan roba da ake danna wa a kan waya don satar wuta ba tare da feɗewa ba, ka cire su duk inda ka gansu: wuƙarsu tana yanke sili, kuma suna barin ƙofa a buɗe ga danshi.

Masu sana'a sun daɗe suna jayayya a kan dalma. Haɗin dalma yana wuce wuta sosai, matsalarsa jijjiga. Dalmar tana bin sili ta shige ƙarƙashin riga, ta mayar da waya mai laushi sanda, sai ta karye a daidai inda taurin ya ƙare. In dole ka yi, ka yi kaɗan, ka ɗaure wayar hagu da dama don wurin kada ya motsa. Abin da ba a yi sam shi ne shafa wa bakin waya dalma sannan a matse ta ko a ɗaure ta da sukuru, domin dalma tana lotsawa a hankali, bayan watanni mahaɗar ta saki. A kan noti kuma, kada ka jera kawunan waya fiye da huɗu, mafi girma ya zauna a ƙasa, kuma kada washa ta shiga tsakanin kan waya da ƙarfen da wuta ke fitowa. Washa a sama take zama, ƙarƙashin noti.

Ido ba ya ganin kowace mahaɗa, mita tana gani. Amma auna turjiya da mita a kan wayar da ba ta aiki yaudara ce, domin sili ɗaya da ya rage zai nuna maka komai lafiya. Ka sa mitar a volt, ka kunna kayan yana jan wutarsa, ka ɗora tsinke ɗaya kafin mahaɗa ɗaya bayanta. Mahaɗa mai kyau ba ta kai volt 0.1 ba. Daga batir har bakin fanka, in abin da ya zube ya wuce rabin volt, ka bi hanyar gaɓa-gaɓa har ka kama inda yake zuba.

Hanyar komawar wuta ita ce aka fi mantawa da ita bayan sauya inji. Duk amfiyar da ta fita ta fozitif sai ta dawo ta negatif. Inji a kan roba yake zaune, don haka babu abin da ya haɗa shi da bodi sai wayar da ka sa masa. In an manta da ita, ko an sa siririya, ko an ɗaure ta a kan sabon fenti, amfiya 200 na kik za su nemi wata hanya. Za su bi wayar totur, ko ta kuloci, ko ta birkin hannu, ko siraran wayoyin negatif na ƙwaƙwalwar inji, wato kwamfutar da ke sarrafa shi. Mafi muni, za su bi tiyon fetur mai saƙar ƙarfe a jiki. Alamar ita ce kik yana juyawa da nauyi alhali batir cike yake, ko wayar totur ta yi zafi, ko robar cikinta ta narke totur ya fara maƙalewa. Maganin: waya daga inji zuwa bodi mai kauri daidai da ta fozitif, haka ma daga negatif ɗin batir zuwa ƙarfe mai kauri na bodi a but. Ka kankare fenti da samfefa har ƙarfe ya yi fari, ka ɗaure da noti na gaske, ka shafa giris a kai don tsatsa. Sukurun da ke cin kansa a siririn gwangwani ba ya wannan aiki. Gwajinsa: doguwar wayar mita daga kan negatif na batir zuwa jikin inji, wani ya murɗa makulli. In ya wuce volt 0.3, da sauran aiki. A tsohuwar mota da tsatsa ta ci mahaɗan bodinta, gara ka ja negatif mai kauri daga batir har inji kai tsaye.

Ita kanta wayar, ka tabbatar jan ƙarfe ce zalla. Akwai ta alminiyam da aka yi wa wankan jan ƙarfe, ana rubuta mata CCA, wani lokaci ba a ma rubutawa. Alminiyam kashi 61 cikin ɗari na wutar jan ƙarfe yake iya ɗauka a kauri ɗaya, yana saurin karyewa, yana kuma rubewa a mahaɗa. Ka kankare sili ɗaya da wuƙa, in cikinsa fari ne ka mayar. Wayar gida mai sili ɗaya jijjiga za ta karya ta. Rigar PVC ta gama-gari digiri 70 zuwa 105 take jurewa, irin su GXL da TXL suna kai 125, bakin salansa kuwa ɗaruruwan digiri yake yi. Babu rigar da za ta ceci wayar da ta kwanta a kansa.

Wannan ya kawo mu kan hanyar da waya ke bi. Duk ramin da ta ratsa a ƙarfe yana buƙatar zoben roba, tef ba ya maye gurbinsa. Bakin ramin da aka huda da diril wuƙa ne mai aiki a hankali, kowane juyin inji yana ƙara yanka. Ka ɗaure wayoyi duk santimita 20 zuwa 30, ba tare da ɗaurin ya nutse cikin riga ba. Tsakanin bodi da inji ka bar ɗan rara, domin inji yana girgiza. Ka nisanta da salansa aƙalla faɗin tafin hannu, in ba hali ka sa garkuwar zafi. Ka duba layin kujera, sandar sitiyari, fedoji, da maƙalar bonet da ta but, da idonka yayin da wani ke motsa su. Kada ka ɗaure waya a jikin bututun fetur ko na birki, kuma in sun haɗu a hanya waya ta bi ta sama don yoyo kada ya ɗiga mata. Kafin ka huda ko ka ɗaura sukuru a ƙasan mota, leƙa ɗaya gefen. Sai guntayen tsohon wayarin da aka yanke lokacin cire tsohon inji: ka gwada kowanne, ka cire shi daga tushe ko ka rufe bakinsa da roba mai tsukewa.

Fitilu da fanka da famfo kowanne ya samu rile nasa, wato makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa don ya ba babbar wuta hanya, da fiyus nasa. Tsohon makunnin fitila da gidan makulli ba a yi su don wannan nauyi ba: fitilu biyu masu wat 100 kaɗai kusan amfiya 15 ne. Ƙafar rile mai lamba 30 tana karɓa daga batir ta fiyus, 87 tana kai wa kaya, 85 da 86 su ne na kunnawa, kuma abin da suke ja bai kai rubu'in amfiya ba. Ita ma siririyar wayar kunnawar tana son ƙaramin fiyus. Ka kafa rile ƙafafunsa suna kallon ƙasa don ruwa kada ya taru a ciki.

Famfon fetur yana da sharaɗi na daban. Wayarin yana kunna wutar, fetur ne ke mayar da ita gobarar da ba a iya kashewa. Tururinsa yana kamawa tun daga kusan digiri 40 ƙasa da sifili, ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan but da ɗakin inji, kuma abin da bai kai kashi 2 cikin ɗari a iska ba ya isa. In ka haɗa famfo da makulli kai tsaye, to ranar da tiyo ya fashe ko aka yi karo, inji zai mutu famfo ya ci gaba da feshi. A motocin kamfani ƙwaƙwalwar inji ce ke kunna shi na kamar daƙiƙa biyu, ta kashe in ba ta ga inji yana juyawa ba. In injin da ka sa yana da wannan, ka yi amfani da shi wajen kunna rile. In babu, ka bi ta makunnin matsin baƙin mai, da hanyar da za ta ba famfo wuta lokacin tayarwa. Ka ƙara makunnin karo, wanda ke yankewa in mota ta bugu.

Babban makunnin yanke batir yana da amfani ƙwarai, a sa shi inda hannu zai kai daga kujerar direba. Sai dai mai ƙafa biyu zalla ba ya kashe injin da ke aiki, domin altaneta za ta ci gaba da ciyar da shi, kuma raba ta da batir tana tsakiyar caji yana iya cilla wuta zuwa gomman volt, ya ƙona ƙwaƙwalwar inji. Ka nemi irin na motocin tsere mai ƙarin ƙafafu, wanda ke kashe inji a lokaci guda ya kuma zubar da ragowar wutar altaneta.

Idan ka gama gyara, kada ka mayar da kan batir kai tsaye. Ka kashe komai, ka sa kwan fitila mai wat 55 tsakanin negatif ɗin batir da wayarsa. Ba zai bar fiye da amfiya 5 su wuce ba ko da akwai haɗewa. In ya haska sosai ya tsaya a haka, akwai abin da ke shan wuta: ka riƙa zare fiyus ɗaya-ɗaya har ya mutu. In ya ƙi mutuwa bayan ka zare duka, laifin yana kan wayar da ba ta da fiyus. In bai haska ba, ka sa mita a madadinsa, motar da ke barci kada ta wuce miliamfiya 50. Sannan ka ɗaure batir, fozitif da farko negatif a ƙarshe, ba zobe ba agogo a hannunka. Ka tayar a waje, ka kunna duk kayan lokaci guda na minti 15, ka bi kowane fiyus da rile da mahaɗa da bayan yatsa ko ma'aunin zafi na nesa, kana kiyaye fanka da bel. Ɗumi ba laifi. Wanda ba ka iya barin yatsa a kansa, shi ne mai warin.

Tukunyar kashe gobara ta hoda mai kilo 2 ta kasance a cikin mota tun daga wannan gwaji, a ɗaure da maɗaurin ƙarfe kusa da direba, ba a but tare da batir ba. In hayaƙi ya taso, ka tsaya ka kashe inji, kowa ya fita, ka yanke batir, domin muddin yana haɗe wayar za ta sake kamawa bayan ka kashe. Kada ka wangale bonet, ka ɗan ɗaga shi ka fesa ta tsagar. Hayaƙin PVC yana ɗauke da asid mai ƙona huhu, ka tsaya ta inda iska ke fitowa. Tukunya irin wannan 'yan daƙiƙu kawai take yi ta ƙare, in wuta ta kai ga fetur ka ja da baya nesa ka kira 'yan kwana-kwana.